Shin ya dace a ba masu gadi da malaman makarantar kwana bindiga?

Shugaban Makaranta, bayan garin Sakkwato

Assalamu alaikum. Ina riƙe da wata makarantar al'umma da ke bayan garin Sakkwato, mai haɗa boko da islamiyya, kuma a cikin ɗalibanmu akwai kimanin 90 da ke kwana. Galibin masu kwanan 'ya'yan mutanen gabas ne, daga wajejen Isa da Sabon Birni da Goronyo, waɗanda iyayensu suka kawo mana su saboda karatu ya gagara a garuruwansu. Ranar Asabar da ta wuce muka yi taron iyaye da malamai, sai wani dattijo mai yara uku a wajenmu ya miƙe ya ce tambayarsa guda ce: idan mutane suka zo da dare a kan babura, da me Baba maigadi zai tare su? Ɗakin taro ya yi tsit, domin kowa ya san abin da ke hannun Baba, wato gora da tocila da usur, sai 'yar wayarsa wadda ba kullum take da caji ba.

Daga nan dattijon ya kawo shawarar a yi karo-karo a sayi bindiga biyu a ba masu gadi, a ƙara ta uku a ajiye wajen malamin da ke kula da ɗakin kwana. Wasu iyaye suka yi kabbara, wasu kuma suka ce ranar da bindiga ta shigo makarantar, ranar za su kwashe 'ya'yansu. Da na ga taro zai watse baram-baram, sai na roƙi a ɗage maganar zuwa mako biyu.

Ba na ganin laifin dattijon nan ko kaɗan. Tun da aka kwashe almajirai 15 daga wata tsangaya a Gidan Bakuso ta ƙaramar hukumar Gada a watan Maris na 2024, sannan aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Kebbi a Nuwamban 2025 aka kashe mataimakin shugaban makarantar aka tafi da ɗalibai 25, barcina ba ya yin nauyi. Ko kare ya yi haushi a bayan katanga sai na ɗauki tocila na zagaya ɗakin kwana ina ƙidaya kawuna. Don haka nake roƙon waɗanda suka san doka da waɗanda suka yi aikin tsaro su haska mini abu biyu: shin doka ta ba makaranta damar yin haka, kuma ko da ta bayar, shin yinsa alheri ne ga yaran da aka ba mu amana?

Tsohon Ɗan Sanda, Mabera

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya taya ka riƙon wannan amana. Na yi shekara 35 cikin kaki kafin na ajiye aiki, kuma zan fara da abin da na fi sani, wato doka, kada ku tara kuɗin jama'a ku saya wa kanku shari'a.

Dokar bindigogi da ake aiki da ita a Najeriya ta 1959 ce, kuma ta kasa bindiga gida uku. Kashi na farko su ne makaman yaƙi irin su AK-47, waɗanda ba mai ikon ba da izinin riƙe su sai Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da irinsu ba izini ɗaurin da ke jiransa bai gaza shekara 10 ba. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne irin bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, wadda maganarta ke wajen Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Lasisi kuma na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya, ba na makaranta ba ne da za a rataye a ɗakin gadi duk wanda ke kan aiki ya ɗauka. Hatta kamfanonin tsaro masu rajista, dokarsu ta 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga, balle maigadin da kuka ɗauka da kanku. A 2023 ma Sufeto Janar ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi. Idan ba ka manta ba, a watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce mutane su nemi izinin mallakar bindiga, har ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta daga cikin 19, amma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Abin da gwamna bai iya ba, kwamitin iyaye da malamai ba zai iya ba.

Amma a ajiye doka gefe, mu ɗauka an ba ku izini. Abin da za ku samu bai wuce mai baki biyu ba, wadda in an harba sau biyu sai an karya ta an sake ɗuri. Waɗanda ke zuwa kuwa ba mutum biyu ko uku ba ne, gungu ne a kan babura, bibbiyu ko uku-uku, kowa da bindigar da ke cin harsashi 30 a gida ɗaya. A Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, ranar 17 ga Yunin 2021, akwai 'yan sanda masu makami a bakin aiki, kuma da rana tsaka aka zo, aka kashe ɗan sanda ɗaya, aka kwashi ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan suka kusa shekara biyu a daji. Horarru ke nan, masu albashi a kan wannan aikin.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika tunawa ba, wato ita kanta bindiga kayan nema ce a wajen ɓarayin daji. Sau nawa suka afka wa ƙaramin caji ofis ba don komai ba sai don ɗakin makamai? Ranar da kuka sayi bindiga uku, kafin sati ya zagayo labari ya kai inda ba ku so, domin infoma ba a daji yake kwana ba, tare da mu yake sallah. Sannan ka yi tunanin daren da jami'an tsaro za su amsa kiranku: sun iso cikin duhu, sun haska sun ga mutum cikin jallabiya riƙe da bindiga a ƙofar ɗakin kwanan yara. Wallahi babu lokacin tambayar ko malamin lissafi ne.

Shawarata ita ce ka rubuta wa Baturen 'yan sanda na yankinku da ofishin Sibil Difens na jiha, domin tun 2023 aka kafa cibiyar kula da tsaron makarantu a ƙarƙashin Sibil Difens, ka nemi a sa makarantarku cikin rajista da sintiri. Ka ajiye kwafin takardar da aka buga wa hatimin karɓa.

Uban Ɗalibai, ɗan gudun hijira daga gabas

Ranka ya daɗe tsohon ɗan sanda, na karanta bayaninka da girmamawa, kuma ban musa ko ɗaya daga abin da ka faɗa game da doka ba. Sai dai ina so ka saurari wanda ya kwana a cikin gero da iyalinsa, yana toshe bakin yaro da tafin hannu kada kukansa ya tona su. Ni daga ƙasar Sabon Birni nake, kuma yau shekara uku ke nan rabona da gonata.

Ka ce a rubuta takarda a ajiye kwafi. Mu mun rubuta, mun je da ƙafa, mun buga waya. A watan Satumba na 2021 ma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, wato ko kiran da ake cewa a yi ya gagara. Daren da aka shigo garinmu, tun bayan isha'i muke neman agaji, ba mu ga motar kowa ba sai da hantsi ya dubi ludayi, lokacin da muke wankan gawa. Idan Sarkin Gobir na Gatawa, mai rawani da sanda, za a ɗauke shi a kan hanya ya rasu a hannun 'yan bindiga a 2024, wace takarda ce za ta tsare ɗan talaka a ɗakin kwana? A Maga kuma, Gwamnan Kebbi da bakinsa ya ce an janye sojojin da aka kai makarantar jim kaɗan kafin maharan su iso, har ya nemi a binciki wanda ya ba da umarnin.

Ba cewa nake bindiga biyu za ta kori mutum hamsin ba. Abin da nake cewa shi ne ɓarawo yana lissafi. Garuruwan da muka sani suna da mafarauta da 'yan banga masu tsayawa, sau da yawa kewaye su ake yi a tafi inda aka san ba a ko ɗaga sanda. A Ƙanƙara ma, a Disamban 2020, an tafi da yara fiye da 300, amma 'yan sanda sun ce musayar wutar da aka yi a bakin makarantar ce ta ba ɗalibai da dama damar tsallake katanga su tsira. Minti goma da za a jinkirta mahari, ga uban da ɗansa ke cikin waɗanda suka tsallake, ya fi duk wani bayani. Kundin tsarin mulki, sashe na 33, ya san da kare kai, addininmu ma ya sani. Gwamna Masari na Katsina ya faɗa a bainar jama'a a 2021 cewa mutane su tashi su kare kansu.

Ban ce a ba kowane malami ba. Amma idan akwai tsohon soja ko maharbi mai amana a unguwar, wanda aka san asalinsa, me ya hana a nema masa izini ta hanyar hukuma a ɗauke shi gadi? Abin da ke ƙona mini rai shi ne mai laifi bai taɓa cika fom ba, mai bin doka ne kawai ake ce wa ya jira.

Malama, Arkilla

Baba, Allah ya mayar da ku gida lafiya, ya jiƙan waɗanda kuka rasa. Ba ni da bakin yi maka gardama a kan abin da idonka ya gani. Ni dai zan yi magana ne a kan abin da nawa idon ke gani kullum, domin shekara 14 ke nan ina koyarwa, biyar daga ciki ina kula da ɗakin kwanan 'yan mata.

Duk wanda ya zauna da yara ya san babu abin da ke ɓoyuwa a makarantar kwana. Na taɓa kulle wayoyin da muka ƙwace a cikin akwatin ƙarfe, na sa mukulli a ƙasan buhun shinkafa a ɗakina, kuma kafin kwana uku wata yarinya 'yar aji biyu ta gaya mini inda mukullin yake. Ba ta sata ba, ta dai sani, kuma idan ta sani to ɗakin duka ya sani. Yanzu a ce bindiga ce a cikin wannan akwatin. Idan an kulle ta kullewar da yaro ba zai kai gare ta ba, to ba za a kai gare ta ba a daren da ake buƙata; idan kuma an bar ta kusa da hannu, tana kusa da hannun kowa. Harin da muke tsoro wataƙila ya zo, wataƙila Allah ya tsare bai zo ba, amma bindigar tana nan dare da rana, shekara da shekaru, a tsakiyar yara masu ƙiriniya da samari masu tashen balaga.

Mu ma malamai mutane ne. Ina da abokan aiki da na ga fushi ya ɗebe su a kan yaro har sai da aka riƙe musu hannu, ga matsin rayuwa, ga albashin da ba ya kai wata. Ba na so a ƙara wa irin wannan zuciyar kunama a aljihu.

An gwada wannan a Pakistan. Bayan harin makarantar sojoji ta Peshawar a ranar 16 ga Disamban 2014, inda aka kashe yara fiye da 130, hukumomin lardin sun yarda malamai su riƙa zuwa da bindiga, har aka koya wa malamai mata harbi. Ba a yi wata shida ba wani malami a yankin Swat yana goge bindigarsa a makaranta ta tashi ta kashe ɗalibi. Gaskiya ne kuma cewa a 2016, da aka kai hari Jami'ar Bacha Khan, wani malamin kimiyya ya fito da ƙaramar bindigarsa ya tsaya wa ɗalibansa har aka kashe shi, kuma ina girmama shi matuƙa. Duka biyun sun faru, sai dai na farkon shi ne wanda zai iya faruwa a kowace ranar Talata ba tare da ɗan ta'adda ya zo ba.

Idan aka tambaye ni abin da nake so a daren hari, hannuwana biyu nake so su zama a sake, domin akwai yara arba'in da zan tasa, wasu ba sa farkawa sai an girgiza su, wasu kuma ruɗewa za su yi su nufi inda ƙarar take. A makarantarmu mun yi gwajin fita da dare sau uku. Karon farko mun ɗauki minti 19, yarinya ɗaya ta koma neman takalmi, ƙofar baya kuma ta cije saboda tsatsa. Karo na uku minti shida muka yi. Malam shugaban makaranta, don Allah ka gwada wannan kafin taronku.

Malamin Jami'a, Runjin Sambo

Na lura duk lokacin da aka ta da wannan magana sai wani ya kawo misalin Amurka, don haka bari in faɗi abin da ke can, a kuma ga inda ya sha bamban da namu. A Amurka mallakar bindiga haƙƙi ne da ke cikin kundin tsarin mulki tun gyaran fuska na biyu na 1791, kuma a 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa haƙƙi ne na kowane mutum a kan kansa. Shi ya sa muhawararsu ta koma kan wa zai riƙe ta a makaranta. Bayan an kashe mutum 17 a Parkland ta jihar Florida a 2018, jihar ta kafa tsarin ba wasu ma'aikatan makaranta makami bayan horon sa'a 144. Jihar Ohio kuma a 2022 ta rage horon da ake buƙata zuwa sa'a 24, abin da ƙungiyoyin malamai da na 'yan sanda suka yi adawa da shi. Amma a Parkland ɗin akwai jami'i mai bindiga a harabar makarantar, bai shiga ginin ba. A Uvalde ta jihar Texas, a watan Mayun 2022, jami'ai 376 ne suka taru, aka yi minti 77 kafin a shiga ajin da maharin yake, yara 19 da malamai biyu suka mutu. Birtaniya ta bi wata hanyar dabam: bayan an kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane a 1996, sai ta haramta ƙananan bindigogin hannu a shekarar da ta biyo.

Maharinsu galibi mutum ɗaya ne da ya zo kisa, namu kuwa runduna ce da ta zo ɗibar mutane don kuɗin fansa, kuma tana buƙatar sa'o'i ta kora yara a ƙafa zuwa daji. Wannan bambancin yana da muhimmanci, domin yana nufin abin da ya fi cutar da su shi ne a gan su tun suna hanya, a kuma tare musu hanyar komawa, wanda aikin hukuma ne mai mota da rediyo.

Maganar Baba ta ɗauko tsohon soja ta fi ta raba wa malamai makami ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ina roƙon mu tuna da darasin 'yan sa-kai. Da kyakkyawar niyya aka fara, sai aka wayi gari ana kashe mutane a kasuwa a kan zato da ƙabila, ramuwar gayya ta biyo baya, kamar yadda muka gani a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 inda aka kashe fiye da mutum 40, har gwamnatin Tambuwal ta haramta ƙungiyar. Duk mai riƙe da makami dole a san wa ya ɗauke shi, wa ke ƙidaya harsashinsa, wa zai hukunta shi in ya yi kuskure. Yanzu jihar nan tana da rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Ahmed Aliyu ta kafa da doka, kamar Askarawan Zamfara da takwarorinsu na Katsina. Idan za a sa mai kaki a makarantarku, ta irin wannan ƙofar ya kamata ya shigo, kuma mazauninsa ya zama wajen katanga, ba cikin ɗakin kwana ba. Akwai kuma shirin tarayya na kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, na naira biliyan 144.8, wanda iyaye ke da haƙƙin tambayar wakilansu abin da ya iso Sakkwato daga ciki.

Shugaban Makaranta, bayan garin Sakkwato

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Malama, jiya da dare mun yi gwajin da kika ce, mun ɗauki minti 23, kuma mun gano cewa mukullin ƙofar baya yana wajen mai dafa abinci wadda ba ta kwana a makaranta. Yau da safe na kira maƙeri ya yanko guda uku. Takardar Baturen 'yan sanda da ta Sibil Difens na rubuta su, gobe in sha Allahu zan kai da kaina tare da hakimin yankinmu, kuma zan nemi a haɗa mu da rundunar tsaron al'umma.

A taro mai zuwa zan gaya wa iyaye cewa ba zan sa hannu a sayen bindiga da sunan makaranta ba, zan kuma roƙi a juya karo-karon zuwa cike gurbin katangar yamma da ruwa ya kayar, da fitilun sola, da jiniya, da wayar da za ta zauna a ɗakin gadi da cajinta. Sai dai Baba, maganarka ta jiran agaji har hantsi ba ta bar ni ba, kuma na san dattijon da ya kawo shawarar irin tambayar da zai yi mini ke nan. Ranka ya daɗe tsohon ɗan sanda, daga makarantarmu zuwa caji ofis mafi kusa kilomita 11 ne, kuma rabin hanyar ba kwalta. Idan an sa mu cikin rajista, shin akwai hanyar da za mu nemi a riƙa barin jami'ai biyu suna kwana kusa da mu, kuma wa ke ɗaukar nauyin abincinsu da man motarsu?